Waiwaye: Mers el-Kebir da Sojojin Ruwan Faransa 1,297 da Abokan Ƙawancensu Suka Kashe

Da yammacin 3 ga Yulin 1940, jiragen yaƙin ruwan Birtaniya suka buɗe wuta kan rundunar jiragen Faransa da ke ɗaure a tashar Mers el-Kebir, kusa da birnin Oran na Aljeriya. Cikin kimanin minti goma mutum fiye da dubu suka mutu. Masu harbin da waɗanda aka harba ba abokan gāba ba ne. A ƙarshen 1939 ma, jirgin Hood na Birtaniya da Dunkerque na Faransa tare suka yi sintiri a tekun Atlantika suna farautar jiragen Jamus. Ranar nan kuwa Hood ne ya saita igwoginsa kan Dunkerque.

Tushen abin shi ne faɗuwar Faransa a hannun Hitler. Ranar 22 ga Yuni gwamnatin Marshal Pétain ta sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta da Jamus. An murƙushe sojojin ƙasa, amma rundunar ruwa tana nan da ƙarfinta, kuma ita ce ta huɗu a duniya a lokacin. Sashe na 8 na yarjejeniyar ya ce a tattara jiragen a kwance musu makamai ƙarƙashin sa idon Jamus ko Italiya, Jamus kuma ta yi alkawarin ba za ta yi yaƙi da su ba. Shugaban rundunar, Admiral François Darlan, ya ba Firayim Ministan Birtaniya, Winston Churchill, tabbacin cewa jirgi ko ɗaya ba zai faɗa hannun Jamusawa ba, har ya aika wa kwamandojinsa umarni cewa in aka zo ƙwace, su nutsar da jiragen da hannunsu.

Churchill bai gamsu ba. Hitler ya riga ya karya alkawarin da ya yi kan Czechoslovakia, kuma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Lissafinsa shi ne in jiragen Faransa suka haɗu da na Jamus da Italiya, Birtaniya ta rasa Bahar Rum, wataƙila ma ta rasa yaƙin baki ɗaya. Sai aka turo Admiral James Somerville daga Gibraltar da manyan jirage uku, Hood da Valiant da Resolution, da Ark Royal mai dakon jiragen sama.

Da sassafe aka kai wa kwamandan Faransawa, Admiral Marcel Gensoul, takardar wa'adi. Ko ya fito ya ci gaba da yaƙi tare da Birtaniya, ko ya kai jiragen wata tashar Birtaniya da ma'aikata kaɗan, ko ya tafi da su tsibiran Faransa na yankin Caribbean irin su Martinique a kwance musu makamai, ko ya nutsar da su cikin awa shida. In ya ƙi duka, za a nutsar masa.

Wanda ya kawo saƙon shi ne Kyaftin Cedric Holland, kwamandan Ark Royal. An zaɓe shi ne don yana jin Faransanci sosai, ya yi aiki a ofishin jakadancin Birtaniya a Paris, yana da abokai cikin hafsoshin ruwan Faransa. Gensoul kuwa raini ya ɗauki abin: yaya za a turo wa Admiral kyaftin? Ya ƙi ganinsa, ya tura wani ƙaramin hafsansa, Bernard Dufay, ya riƙa kai-komo da saƙo a ƙaramin jirgi. Haka aka cinye safiya. Da Gensoul ya aika wa hedikwatarsa rahoton farko kuma, abu biyu kawai ya ambata, nutsarwa ko faɗa. Zancen Martinique bai shiga ciki ba. Da rana jiragen saman Birtaniya suka zuba nakiyoyi a bakin tashar alhali ba a gama magana ba, abin da ya ƙara fusata Faransawa.

Sai can da la'asar Gensoul ya yarda Holland ya hau Dunkerque. A nan ya nuna masa umarnin sirri na Darlan, har aka fara ganin alamar za a daidaita. To amma Landan ta riga ta tsinci wani saƙon rediyo da ke umartar jiragen Faransa na sauran tashoshi su kawo ɗauki, sai ta matsa wa Somerville ya gama kafin su iso. Holland bai ko koma jirginsa ba, ƙarfe 5:54 agogon Birtaniya aka fara wuta.

Yadda aka ɗaure jiragen ya sa ba su da katabus. Gindinsu na jikin katangar tashar, gabansu na fuskantar tudu. Dunkerque da Strasbourg, waɗanda su ne sababbi, dukan manyan igwoginsu a gaba suke, ga shi wuta ta ɓangaren teku take zuwa, wato ta bayansu. Harsasai masu kaurin inci 15 suka sami tsohon jirgin nan Bretagne, ma'ajiyar albarushinsa ta kama, ya fashe ya kife da mutum 1,012. Mai ya malale a saman ruwa yana cin wuta, waɗanda suka yi tsalle suka faɗa cikinsa. Provence da Dunkerque suka lalace aka kafe su a wuri marar zurfi, Mogador kuma aka ɓalle masa baya. Strasbourg kaɗai cikin manyan ya tsinke igiya ya bi ta cikin hayaƙi ya fice, washegari da dare ya isa Toulon. Ranar 6 ga Yuli jiragen saman Ark Royal suka dawo kan Dunkerque, suka sami wani ƙaramin jirgin sintiri, Terre-Neuve, da ke gefensa ɗauke da bama-baman ruwa, aka sake asarar rayuka. Jimilla Faransawa 1,297 suka mutu, kimanin 350 suka jikkata. Birtaniya ta rasa mutum biyu.

Abin da ke hana mutum karɓar hujjar "ba yadda za a yi" shi ne abin da ya faru a Iskandariyya ta Masar a makon nan. Can ma akwai jiragen Faransa, can ma Landan ta matsa. Amma Admiral Andrew Cunningham ya ja lokaci, ya ci gaba da lallashin takwaransa René Godfroy, har aka amince a sauke mai a cire wa igwogi sassan harbi, ba a zub da jinin kowa ba. Gaskiya ne Cunningham ya fi samun sauƙi, tunda tashar a hannunsa take. Duk da haka, a ganina gaggawar Landan da girman kan Gensoul sun kashe mutanen Bretagne kamar yadda tsoron Hitler ya kashe su. Somerville kansa ya rubuta wa matarsa cewa kunya ta rufe su duka, yana kallon abin a matsayin babban kuskuren siyasa. Churchill kuwa, da ya yi wa majalisa bayani ranar 4 ga Yuli, tsaye aka miƙe ana jinjina masa, shi kuma yana hawaye. Saƙon da yake son Amurka ta ji ya isa, cewa Birtaniya ba za ta miƙa wuya ba ko da me za a yi.

Zafin abin ya iso Afirka ta Yamma. Ranar 8 ga Yuli Birtaniya ta kai wa jirgin Richelieu na Faransa hari a Dakar, a Satumba kuma Birtaniya da Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, suka yi yunƙurin kama birnin aka kore su. Yankin mulkin Faransa na yamma, har da Nijar, ya tsaya tare da gwamnatin Vichy, wato ta Marshal Pétain, zuwa ƙarshen 1942, yayin da Chadi ƙarƙashin Félix Éboué ta bi de Gaulle tun watan Agustan 1940. Na tsawon shekara biyu da 'yan kai, Kano da Damagaram, Katsina da Maraɗi, suna ƙarƙashin Turawan da ke zaman doya da manja.

Ranar 27 ga Nuwamban 1942 sojojin Jamus suka kutsa Toulon don ƙwace jiragen. Sojojin ruwan Faransa suka buɗe wa jiragensu ruwa, suka tayar da nakiyoyi, suka nutsar da 77, ciki har da Strasbourg da Dunkerque da Provence. Faransawa har yau da wannan suke kafa hujja cewa alkawarin Darlan gaskiya ne. Turawan Ingila kuma su ce a Yulin 1940 babu wanda zai iya ɗora makomar ƙasarsa kan kalmar mutum ɗaya. Shi ma Hood bai daɗe ba, jirgin Bismarck na Jamus ya nutsar da shi a Mayun 1941, mutum uku kacal suka tsira cikin 1,418.

Tunawa da mamatan ya zo da tasa wahalar. Gwamnatin Vichy ce ta fara rungumar su, ta buga hotunan farfaganda na sojan ruwa yana nutsewa riƙe da tutar Faransa, da rubutun "Kada ku manta da Oran". Da aka ci yaƙi Vichy ta zama abin ƙyama, sai ambaton su ya zama abin da hukumomi ke kauce wa, don ba a son tsokanar Birtaniya, ba a kuma son a yi kama da mutanen Pétain. Gawarwakin kuma suna Aljeriya, wadda ta sami 'yancin kai a 1962. Faransa ta bar sansanin a 1968, yanzu na rundunar ruwan Aljeriya ne. A 2005 aka tarar an farfasa kaburburan maƙabartar, kafin daga baya a gyara ta. Da yawa daga cikin matasan 'yan yankin Bretagne ne na yammacin Faransa, shi ya sa nauyin tunawar ya koma kan iyalai da tsofaffin sojoji a can, musamman a birnin Brest, inda ƙungiyarsu ke taruwa a farkon Yulin kowace shekara.