Qatar "babbar ƙawar" Amurka ce, amma doka ba ta ce a kare ta ba

Ranar 9 ga Satumban 2025 Isra'ila ta kai hari kan wani gini a Doha inda shugabannin Hamas ke zaman duba tayin tsagaita wuta a Gaza. Mutum shida suka mutu, har da jami'in tsaron Qatar. Nan take aka shiga tambaya: ina Amurka? Ashe ba Qatar ce Biden ya naɗa "babbar ƙawa wadda ba ta cikin NATO" a 2022 ba? Ga kuma dubban sojojin Amurka jibge a sansanin Al Udeid da ke Qatar.

Sunan ne ya fi abin girma. Majalisar dokokin Amurka ta ƙirƙiro wannan matsayi a 1987, kuma shugaban ƙasa ke bayar da shi, bayan ya sanar da majalisa da kwana 30. Masar na da shi, haka Jodan, Bahrain, Kuwait, Maroko da Tunisiya. Abin da ƙasa ke samu yawanci harkar makamai ce: a sa ta a gaba in za a rabar da rarar kayan yaƙi, a iya ajiye makaman ko-ta-kwana na Amurka a ƙasarta, a yi binciken ƙere-ƙeren soja tare, kamfanoninta kuma su nemi kwangilar gyaran kayan sojan Amurka. Alkawarin kariya kuwa babu shi, kuma ma'aikatar harkokin wajen Amurka ba ta ɓoye hakan ba. Sashe na 5 na yarjejeniyar NATO, mai cewa wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa kowa, na 'yan ƙungiya ne kaɗai.

Bayan harin, a ƙarshen Satumba, Trump ya sa hannu kan umarnin shugaban ƙasa cewa duk wani hari kan Qatar barazana ne ga zaman lafiya da tsaron Amurka, kuma za a mayar da martani har da ƙarfin soja in ta kama. Magana ce mai nauyi, sai dai igiyarta ba ta da ƙwari. Yarjejeniyar da ke ɗaure Amurka sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun amince da ita. Umarnin shugaba kuwa, wanda ya gaje shi zai iya soke shi da alƙalami guda. Shi kansa matsayin "babbar ƙawa" ana ƙwace shi: Afghanistan ta samu a 2012, Biden ya janye shi a 2022 bayan Taliban sun karɓi Kabul.