Nisan da ke tsakanin Injamena da Duwala

Injamena, babban birnin Cadi, da Duwala, birnin tashar jiragen ruwa na Kamaru, nisansu ta sama bai wuce kilomita 1,100 ba, tafiyar da jirgi ke yi cikin kamar awa biyu. Ta ƙasa kuwa hanyar tana kai kilomita 1,800 ko fiye kaɗan. Dalilin wannan tazara shi ne kwaltar ba ta miƙe kudu maso yamma ba, sai da ta karkata gabas ta Garwa-Bulai da Bertuwa kafin ta juyo Yawunde. Tunda Cadi ba ta da teku, galibin kayan da take shigowa da su daga ƙetare ta nan suke bi.

Tarihi

A zamanin Faransawa, lokacin da ake kiran Injamena Fort-Lamy (an sauya sunan a 1973), Duwala ba ita ce babbar ƙofa ba. Wasu kayan ta Kwango da Bangi suke zuwa, wasu kuma jiragen ruwa ke haurowa da su Binuwai har Garwa, amma sai damina ta yi nisa kogin ya cika, wata biyu zuwa uku kacal a shekara. Abin ya sauya a 1974 da layin dogo ya iso Ngaundere, kilomita 622 daga Yawunde. Daga nan garin ya zama mahaɗa: a sauke daga jirgin ƙasa, a ɗora wa tirela. Gadar Ngeli da ke kan kogin Logon, wadda ta haɗa Kusiri ta Kamaru da Injamena, an buɗe ta ne wajajen 1985. Kafin ita, fito ake yi.

Hanya

Daga Kusiri zuwa Marwa kilomita 260 ne kusan, ta Waza da Mora. Nan ne mafi wahala. Ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, damina na sauka kwalta ta farfashe, tirela ta kafe, na baya su jeru suna jira. Tun wajen 2014 hare-haren Boko Haram suka ƙara wa yankin nauyi, shi ya sa direbobi da dama suka koma bi ta Mundu a kudancin Cadi da Tuboro su ɓullo Ngaundere.

Marwa zuwa Garwa kamar 210 ne, Garwa zuwa Ngaundere kamar 280. Gab da Ngaundere akwai hawan dutsen da direbobi ke ce wa falez, kwana a kan kwana. Mai hawa da lodi injinsa ke zafi. Mai gangarowa idan ya dogara da birki kaɗai bai sa ƙaramin giya ba, birkin ya ɗau zafi ya daina kamawa. Duwala da Yawunde kuwa kilomita 240 ne kusan.

Fasinja mai haɗa bas da jirgin ƙasa na dare na kamfanin Camrail yakan yi kwana biyu zuwa uku. Tirela takan haura mako, kuma yawancin lokacin a tsaye yake tafiya: sikeli, shingayen jandarma, takardun kwastan. Kuɗin da ake karɓa a shingayen nan tsohuwar taƙaddama ce tsakanin ƙungiyoyin direbobi da hukumomi.

Ta sama

Jirage na tashi daga filin Hassan Djamous na Injamena. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kan jawo jinkiri ko a soke tashi.