Fasto a ƙauyen Damagaram: tsakanin rumbu, majami'a da maƙwabta

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi ji daga bakin matasa masu niyyar shiga makarantar Littafi Mai Tsarki, da dattawan ikilisiyar da ke shirin karɓar sabon fasto a karkarar Damagaram.

Wace irin ikilisiya fasto yake tararwa a ƙauye?

Ƙarama ce. Masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM sun sauka Zinder, wato Damagaram, tun 1924, nan ne ma aikinsu ya fara a ƙasar Nijar, amma bisa ƙidayar 2012 Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'ar ƙasa ba. A ƙauyukan Mirya, Magariya, Matamai ko Dungas, ikilisiya takan zama gidaje ƙalilan ne, sai wani malamin lakkwal ko ma'aikacin likita da gwamnati ta turo, wanda gobe ana iya ɗauke shi. Fasto ɗaya yakan riƙe garin da yake zaune, ya haɗa da wasu ƙauyuka biyu ko uku na kewaye. Da Hausa ake sujada, karatu da waƙa duka. An kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, wata sabuwar fassara kuma ta fito a 1979. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta EERN (Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar) da ke Agye, cikin jihar Maraɗi, tana daga cikin wuraren da ake horar da masu wannan aiki.

Da me yake ciyar da gidansa?

Da gona. Duk wanda ya tafi ƙauye yana sa ran baikon ranar Lahadi zai riƙe shi, bai yi lissafi ba, domin masu ba da baikon manoma ne da kuɗi ke shiga hannunsu sau ɗaya a shekara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, don haka gara a fara da lissafin rumbu kafin a yi maganar wa'azi.

Gida mai mutum takwas yana cin kamar tiya biyu ta hatsi a rana, tsakanin fura da tuwo. Tiya ɗaya wajen kilo biyu da rabi ce, ke nan kilo 5 a rana, kilo 1,825 a shekara, wato buhu 18 na kilo 100 da ɗan ɗoriya. Gonar tudu da ba ta samun taki takan ba da kilo 400 zuwa 500 a hekta idan damina ta yi kyau. Ashe sai ya noma hekta huɗu kafin ya ci da iyalinsa kawai. A ƙara buhu biyu na baƙi, saboda gidan fasto masauki ne: mai neman addu'a, majinyacin da ya zo likita daga nesa, yaron da aka kora daga gida, duk nan suke sauka.

Matsalar ita ce fasto baƙo ne, ba shi da gonar gado. Aro ake ba shi, kuma gonar aro yawanci ita ce wadda ta gaji ko ta yi nisa. Ya kwashe shekara biyu yana kai mata taki da amalanke, ranar da ta farfaɗo sai mai ita ya ce yana bukata. Maganin wannan shi ne a faɗi shekarun aron tun farko a gaban maigari da shaidu, a rubuta. Idan akwai gawo a gonar, kada ya sare ko ƙarami ne. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, kuma ƙarƙashinsa ne zangarniya ta fi kauri. Manoman Magariya da Matamai sun daɗe da sanin haka.

Kuskuren da ya fi kayar da gida shi ne sayar da hatsi da kaka, lokacin da ya fi araha, don biyan bashi ko kayan lakkwal, sannan a dawo saye a Yuni ko Yuli da tsada. A bar hatsi a rumbu. Kuɗin hannu ya fito daga wake, gyaɗa ko riɗi. Wake kuma kada a yi gaggawar sayar da shi: a shanya shi ya bushe sarai, a zuba a buhun ajiya na PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, a duba ledojin ba su huje ba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Wanda ya ɗaure su a haɗe ko ya riƙa buɗewa yana ɗiba, ƙwari za su cinye masa. Kiwon rago ɗaya ko biyu don kasuwar Layya, da ƙaramar sana'a irin ɗinki, gyaran babur ko cajin waya da sola, su ne ke toshe ɓarakar bazara.

Ikilisiya ma tana da nata nauyi. Gayya ta yini ɗaya a gonar fasto lokacin noman farko, da wata lokacin maimai, da rabon da zai samu cikin zakkar hatsi, duk a daidaita su kafin ya sauke kaya. Maganar da aka bari sai ya zo, kunya takan hana a yi ta.

Yaya makonsa yake tafiya?

Damina da rani ba ɗaya ba ne. Daga saukar ruwa a Yuni zuwa girbi a Satumba da Oktoba, da asuba yake yin addu'a da iyalinsa, ya kama hanyar gona, ya dawo da azahar. Shirin wa'azi sai da dare da fitilar sola, kuma wanda ya bar shi sai daren Asabar, gajiya ce za ta yi masa wa'azin. Ya fi kyau ya zaɓi nassi tun Litinin, ya riƙa juya shi a ransa yana noma. Yawancin masu sauraro ba sa karatu, saboda haka batu ɗaya, labari ɗaya da aya ɗaya da za a haddace sun fi kawuna bakwai amfani. Idan ruwan shuka ya sauka daren Asabar, a yi sujada da sassafe a taƙaice. Manomin da ya rasa laimar kwana biyun farko ya san abin da ya rasa.

Da rani ne ake aikin koyarwa: ajin masu shirin baftisma, yaƙi da jahilci, ziyarar ƙauyuka. Sai dai lokacin ne kuma samari da magidanta suke tafiya cin rani Kano, Agadas, Libiya ko Aljeriya, yankin Kance ma har da mata da yara. Majami'a takan koma ta tsofaffi da mata, kuma fasto ne ke karɓar saƙon kuɗi, shi ke kai mai naƙuda likita. Kada a sa taron addu'a ko zumuntar mata ranar kasuwar yankin, ba wanda zai zo. Baftisma ana yin ta bayan damina tun tafki bai ƙafe ba, ko a cikin kwarmin siminti. Kwarmin ya fi, saboda tsargiyar da ke cikin ruwan tafki.

Wa ya kamata ya riƙe kuɗin ikilisiya?

Ba fasto ba, ba matarsa ba. Wannan ita ce shawarar da muka fi nacewa a kai, domin jika biyar da ba a san inda ta shiga ba ta isa ta raba ikilisiyar da aka yi shekara ashirin ana ginawa. Mutum biyu su ƙirga baiko nan take bayan sujada, a rubuta a littafi da kwanan wata, su biyun su sa hannu ko yatsa. Ma'aji ya riƙe akwati, wani dattijo ya riƙe makulli. Duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a. A garuruwan bakin iyaka baiko yakan zo a gauraye, sefa da naira. A rubuta kowanne a layinsa, a canza nairar da wuri, don darajarta tana iya zubewa tana cikin akwati.

Hatsin zakka ma haka. Ya samu rumbunsa dabam da na fasto, a ƙirga dammuna ranar da aka zuba, a yanke tun kaka nawa ne na fasto, nawa na gwauraye da marayu, nawa na taro. Inda aka zuba su rumbu ɗaya, ranar da yunwa ta matsa ba mai iya cewa wannan damin na wane ne, zargi kuma daga nan yake farawa. Bashi daga asusu, idan za a bayar, dattawa su yanke, kada fasto ya yanke shi kaɗai a zaure.

Ina matarsa da ƴaƴansa a cikin wannan?

Mama, kamar yadda ƴan ikilisiya suke kiranta, aikinta ya kusa fin nasa yawa, kuma ba a lissafa shi. Ita ke ɗiban ruwa, daka, dafa wa baƙi, jagorantar zumuntar mata, kuma ita ce ke iya shiga cikin gidajen da namiji ba ya wuce zaure. Ikilisiyar da ke da hankali takan sa mata su karɓa mata girki ranar babban taro, ta kuma bar mata gamanarta da awakinta su zama nata.

Ƴaƴa kuwa sau da yawa su kaɗai ne Kiristoci a ajinsu. Firamare tana samuwa kusa, amma kwaleji sai babban gari, ke nan sai an nemi gidan amana da za su zauna, a kai musu hatsi. A ware wannan tun kaka, tunda lakkwal a Oktoba take buɗewa. Agusta da Satumba watannin masassara ne. Kowa ya kwana cikin gidan sauro, kuma kada yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 su tsallake maganin rigakafin da ake rabawa wata-wata da damina. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi likita ranar, a yi addu'ar a hanya. Jama'a suna kallon abin da fasto ya yi da nasa ɗan, shi za su yi da nasu.

Yaya zama da maƙwabta Musulmi?

A nan ne ake gane ko zai daɗe. Ranar da ya iso, kafin ya kwance kaya, dattijon ikilisiya ya raka shi gaisuwa wurin maigari, ya cire takalmi, ya ce "ranka ya daɗe", sannan ya wuce wurin liman. Daga nan ba ya rasa suna, ɗaurin aure ko ta'aziyya a garin. Idan ana aikin gayya na rijiya ko gyaran hanya, ya fito da kayan aikinsa. Da azumi ba ya ci ko sha a bainar jama'a. Ba a kiwon alade, ba a shigo da giya gidansa. Idan za a yanka dabba don Kirsimeti, a kira maƙwabci Musulmi ya yanka, don kowa ya ci da kwanciyar rai. Ganga da lasifika su yi shiru lokacin kiran salla. A wa'azi kuma ya faɗi abin da ya gaskata ba tare da ya taɓa abin da maƙwabcinsa yake girmamawa ba.

Ba wanda ya manta 16 ga Janairu 2015, ranar da aka ƙona majami'u a birnin Zinder bayan zanga-zangar zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, washegari abin ya kai Yamai. Fasto ya riƙe lambar maigari da ta jandarmomi, kuma idan jita-jita ta tashi ya je wurin manya da ƙafarsa tun ba ta yi ƙarfi ba.

Abu mafi nauyi shi ne wanda ya karɓi bangaskiya daga gidan Musulmi. Yana iya rasa gona, mata ko wurin kwana. Kada a yi gaggawar baftisma, kada a yi shela da shi, kada a raba shi da iyayensa. Yaron da bai balaga ba ko matar aure, fasto ba ya ɓoye su a gidansa. Ya shigo da shugabannin ikilisiya na yanki, a bi ta hannun manya.

Wane takardu ne bai kamata ya yi sakaci da su ba?

Na fili ne kan gaba. Filin majami'a, na gidan fasto da na makabarta, ko kyauta ne ko saye, a yi musu takarda a kwamitin filaye na gari, wato COFOB, wanda dokar karkara ta 1993 ta buɗe wa hanya, a kai kwafi ofishin magajin gari. Takardar ta fito da sunan ikilisiya, ba da sunan fasto ba, kuma magadan mai filin su sa hannu tun yana raye. Makabarta a nema tun ba a yi rashi ba, don ranar da gawa take kwance ba ranar ciniki ba ce. Sabon ginin wurin ibada yana bukatar izinin hukuma, saboda haka a bi ta ofishin ikilisiya na ƙasa kafin a buga tubali. Aure a rubuta shi a ofishin magajin gari bayan na majami'a, jariri kuma a yi masa takardar haihuwa cikin wa'adi, in ba haka ba sai an je kotu lokacin da jarrabawa ta matso.

Ginin kansa, idan na ƙasa ne, a yi masa yaɓe a gyara indararo a Afrilu ko Mayu. Idan rufin kwano ne, a ɗaure katakon da waya a cikin bango, domin iskar farkon damina ita ke yaye rufin da aka ɗora da ƙusa kawai.

Idan aka canza masa wuri fa?

Shugabanni su yi ƙoƙari canji ya faɗo bayan girbi. Wanda aka ɗauke a Yuli ya bar shukarsa a baya, ya tarar da wurin da shuka ta wuce, yunwar shekara guda ke nan aka ɗora wa gidansa. Kafin ya tashi ya miƙa littafin kuɗi, littafin sunayen masu baftisma da aure, takardun fili da makullin rumbu a gaban dattawa, ya biya bashin mai kanti da na mai niƙa, ya mayar da gonar aro ga mai ita a gaban shaidun da aka karɓa. Sannan ya kama hannun wanda zai gaje shi, ya kai shi wurin maigari da liman da kansa.