Tambayoyin da masu koyon zane ba sa gajiya da yi a kan launi

Duk sanda sababbin ɗalibai suka fara darasin launi, tambayoyin nan dai su ne suke dawowa, har na kusa haddace yadda za a jero su. Ni ma ɗalibi ne, riga ku shiga kawai na yi. Abin da malamai suka nuna mini da abin da idona ya gani a kan takarda shi zan faɗa. Na tara amsoshin wuri guda, wanda ya sake yi mini ɗaya daga cikinsu nan zan turo shi.

Yaya, launukan asali guda nawa ne?

A darasin fenti uku ake cewa: ja, rawaya da shuɗi. A fuskar waya da kwamfuta kuwa ja ne da kore da shuɗi. Injin buga takardu yana aiki da sayan, majenta da rawaya, sannan a ƙara baƙi. Sayan shuɗi ne mai haske da ya karkata wajen kore, majenta kuma ja ce da ta karkata wajen shunayya.

To wanne ne daidai a ciki?

Duka. Fuskar waya haske take fitarwa, idan aka tara haske kan haske sai ya yi ta ƙaruwa har ukun su ba da fari. Shi kuwa fenti shanye wani ɓangare na haske yake yi, ya mayar wa ido da saura. Duk fentin da ka ƙara sai ya shanye nasa kason, shi ya sa haɗin fenti kullum wajen duhu yake nufa. Abin da ya sa lissafin ke tsayawa a uku shi ne idon ɗan Adam ƙwayoyin gane launi iri uku yake da su. Ku riƙe maganar shanyewar nan, za mu dawo kanta.

Baƙi da fari launi ne?

Suna cikin akwatin fentinka? To yi aiki da su. Wannan gardamar ba ta taɓa gyara zanen kowa ba.

Dole sai na haddace da'irar launuka?

Hadda ba za ta yi maka komai ba, zana ta za ka yi da fentinka, da hannunka. Isaac Newton na Ingila, wanda ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, shi ya naɗe launukan ya mai da su da'ira a littafin da ya fitar a 1704. Da'ira mai kashi goma sha biyu da ake rabawa a aji ta yi fice ne ta hannun Johannes Itten, wanda ya koyar a makarantar Bauhaus ta Jamus. Babban abin da za ka ɗauka a cikinta shi ne kowane launi yana da kishiya, wato wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren: ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya. Kishiyoyi idan suna gefen juna kowanne ƙara ƙarfi yake yi. Idan aka cakuɗa su kuwa kashe juna suke yi.

Me ya sa ake ta sa mu zanen fensir? Mu launi muka zo koya.

Wannan tambayar ita ce ta fi ba ni haushi, don masu yin ta su ne suke dawowa daga baya suna kukan zanensu ya kwanta, babu abin da ya fito. Ku saurara da kyau. A 1905 wani malamin zane ɗan Amurka, Albert Munsell, ya tsara bayanin launi a kan abu uku: jinsinsa (ja ne ko kore), haskensa ko duhunsa, da ƙarfinsa (ya cika fal ko ya dusashe). Sabon ɗalibi na farkon kaɗai yake gani. Amma na biyun shi ke ɗauke da siffa. Da haske da duhu ido yake gane cewa abu mulmulalle ne, cewa wannan yana gaba wancan yana baya. Ka yi fuskar mutum da kore ko shuɗi, muddin haske da duhun sun zauna daidai, kowa zai gane fuska ce. Ka samo launin fata daidai amma ka ɓata haske da duhu, abin zai zama tabo.

Gwajin ba wuya. Ɗauki hoton zanenka da waya, ka mai da shi baƙi da fari. Idan komai ya narke ya zama toka iri ɗaya, matsalarka ba ta kai ga launi ba tukuna, koma ga fensir. Idan kana kallon abin da kake zanawa, ka riƙa ƙanƙance ido har ƙananan abubuwa su ɓace, manyan sassan haske da duhu su rage. Waɗannan za ka fara sawa.

Duk abin da na haɗa sai ya koma kamar laka. Me nake yi ba daidai ba?

Yawwa, wannan tambaya ce ta gaske, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Ya danganta da irin fentin, da yadda kake riƙe buroshi, da inda ka sa launin. Bari in bi su daga mai sauƙi.

Fara duba ruwanka da buroshinka. Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa. Mutum zai wanke buroshi a ruwan da ya riga ya zama toka-toka, ya tsoma a rawaya, sannan ya yi mamakin rawayar ta mutu. Ajiye kofi biyu, ɗaya na wanki ɗaya na ɗauraya, da tsumma a gefe. Fenti yana maƙalewa a gindin gashin buroshi, wurin da ƙarfe ya kama shi, ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan.

Idan kayanka da tsabta kuma abin bai daina ba, to mai yiwuwa karkatar fentin ce. Babu fentin da yake ja zalla ko shuɗi zalla, kowanne ya jingina wani gefe. Shuɗin altramarin ya jingina wajen ja. Ka haɗa shi da rawayar da ta jingina wajen ruwan lemo, kana ganin launi biyu ka haɗa, alhali ja ta shigo ta ƙofa biyu, ita kuwa ja kishiyar kore ce. Koren da zai fito dusasshe ne, mai ɗan ruwan ƙasa. Yanzu ɗauki shuɗin talo, wanda ya jingina wajen kore, ka taɓa shi kaɗan da bakin buroshi a cikin rawayar da ita ma ta jingina wajen kore. Nan take za ka ga kore ya tashi shar. Haka shunayya: jan kadmiyam ya jingina wajen ruwan lemo, duk shuɗin da ka ba shi abin da za ka samu ya fi kusa da ruwan ƙasa. Majenta da altramarin su ke ba da shunayya mai kyau.

Ka saba da juya bututun fenti ka karanta bayansa. Fenti mai kyau yana ɗauke da lambar garin launin da ke ciki: PB29 altramarin ne, PB15 shuɗin talo, PR108 jan kadmiyam, PW6 farin titaniyam. Wani bututun za ka ga lamba uku a jikinsa. Ka haɗa irinsa biyu, ka tara gari shida ke nan, kowanne yana shanye nasa hasken. Me zai rage wa ido? Galibi haɗin da bai wuce gari biyu ko uku ba shi ya fi fita da tsabta, kodayake wannan ma ba doka ba ce, akwai masu haɗa fiye da haka da gangan.

Sai maganar baƙi da fari. Ɗalibi yana son duhu sai ya zuba baƙi, yana son haske sai ya zuba fari. Baƙi a cikin rawaya kore-kore yake mai da ita. Fari a cikin ja sanyaya ta yake yi, ta koma ruwan hoda mai kama da alli. Wani lokaci abin da ake so ke nan, amma idan ba shi kake nufi ba, gwada dusashe launi da ɗigon kishiyarsa, ka haskaka ja da ɗan rawaya kafin ka kai ga fari.

Akwai kuma yawan shafa. An sa launi, bai bushe ba, an koma an goga, an sake gogawa, har na sama da na ƙasa suka zama abu ɗaya. Sa launin ka ɗaga hannu. Idan bai yi ba, a fentin mai kankare shi da wuƙar fenti ka sake, a fentin ruwa ko akrilik jira ya bushe.

To amma duk da wannan, a nawa ganin yawancin abin da ake kira laka fenti ne mai lafiya da aka ajiye inda bai dace ba. Ruwan ƙasan da ka tsana a kan farantin haɗa fenti, shi ne wani gwani zai sa a ƙarƙashin haɓa ya zama inuwa mai kyau. Ya yi ƙazanta a zanenka ne saboda ya fi wurin duhu, ko ya fi shi haske, ko wurin yana neman launi mai ɗumi (wanda ya karkata wajen ja ko ruwan lemo) ka ba shi mai sanyi (wanda ya karkata wajen shuɗi). Don haka kafin ka zargi bututu, sake yin gwajin baƙi da fari. Kuma kada ka tsorata da dusassun launuka. Zanen da komai nasa yake da ƙarfi gajiyar da ido yake yi, jan da kake so ya yi magana sai an kewaye shi da masu shiru.

Inuwa ba baƙa ba ce?

A'a. Ajiye farin kofi kusa da taga da hantsi, a kan jan ƙyalle, ka zauna ka kalle shi sosai. Gefen da rana ta buga yana da ɗan rawaya. Gefen inuwa, wanda hasken sama yake faɗa wa, shuɗi-shuɗi ne. Can ƙasa kusa da ƙyallen za ka ga ja ta hau jikin kofin. Mafi duhun wuri siririn layi ne inda gindinsa ya taɓa ƙyalle. Claude Monet na Faransa ya zana gaban babbar majami'ar Rouen fiye da sau talatin a farkon shekarun 1890, gini ɗaya, don kawai ya kama yadda haske ke sauya launinsa daga safe zuwa yamma. Kai kuma kana son ka gama da inuwa da bututu ɗaya.

Na haɗa launi daidai a faranti, da na sa a zane sai ya canza.

Wani ɓangaren bushewa ce: akrilik yana ƙara duhu idan ya bushe, fentin ruwa yana ƙara haske. Sauran kuwa maƙwabta ne. Michel Chevreul, masanin sinadarai da ke kula da rini a masaƙar Gobelins ta Paris, an kai masa ƙorafin cewa baƙin zarensu ba ya fita da kyau. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiya lau, launukan da ake saƙawa kusa da baƙin su ke sauya yadda ido ke ganinsa. Ya wallafa bayanin a 1839. Ana cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma a launi abin juyawa yake: maƙwabci tura ka yake yi wajen kishiyarsa. Yanka ƙananan murabba'i biyu daga takarda ɗaya ruwan toka, ɗora ɗaya a kan ja, ɗaya a kan kore. Na kan ja zai yi kore-kore, na kan kore zai yi ja-ja. Josef Albers da irin wannan yankan takarda ya koyar da ɗalibansa a jami'ar Yale. Gani ya kori ji, je ka gwada yau. Daga nan ka riƙa gwada launi a guntun takarda, ka kara shi a wurin da zai zauna kafin ka shafa.

Fenti kala nawa zan mallaka kafin in fara?

Kaɗan. Anders Zorn na Suwidin ya shahara da yin hotunan mutane da yawa da huɗu: fari, baƙi, ja da rawayar ƙasa. Idan kana son ka kai ga kore da shunayya masu ƙarfi, nemi ja biyu, rawaya biyu, shuɗi biyu, kowane jinsi mai ɗumi da mai sanyi, sai fari. Ya isa.

Gaskiya ne ja na nufin fushi, shuɗi na nufin natsuwa?

Ma'anar launi tana bin al'umma da zamani, kada ka gina zane a kan jadawalin da ka gani a intanet. Abin da za ka iya dogara da shi na ido ne: abu mai nisa dusashewa yake yi ya karkata wajen shuɗi saboda iskar da ke tsakani, kuma Leonardo da Vinci ya rubuta wannan tun fiye da shekara ɗari biyar.

Ai kyau ra'ayi ne, me ya sa malami zai ce zanena bai yi ba?

Wane launi ya fi burge ka, wannan ra'ayinka ne, ba mai taɓa maka shi. Amma ko ido ya san inda zai fara sauka a zanen, ko gefe ɗaya ya yi nauyi, ko hannu ya fi kai girma ba da niyya ba, waɗannan abubuwa ne da ake nunawa da yatsa. Malam a kansu yake magana. Wanda ya karkata siffa da sani aikinsa daban yake da na wanda ta kufce masa, kuma mai kallo yana ganewa. Ka daina fakewa da "salona ne" tun ba ka iya abin da kake cewa ka bari ba.

Ina jin ba ni da idon launi. In haƙura?

Haba ƙanena, kwantar da hankalinka. Ido horar da shi ake yi. Idan da gaske kana rikita ja da kore, je a gwada idonka, akwai gwaji mai sauƙi na ɗige-ɗige masu lambobi a ciki, kuma matsalar ta fi yawa ga maza. Ko da an same ka da ita, haske da duhu suna hannunka, sai ka rubuta suna a jikin kowane bututu ka jera fentinka a faranti tsari ɗaya kullum.

Me ya sa abin da na zana a kwamfuta ya dusashe da aka buga shi?

Koma amsa ta biyu. Akwai shuɗi da kore masu ƙyalli da haske ke iya bayarwa amma tawada ba ta kaiwa. Mai da aikin tsarin CMYK, wato na sayan, majenta, rawaya da baƙi da injin bugu ke aiki da shi, tun kafin ka gama, ka sa a buga maka gwaji ɗaya a irin takardar da za a yi amfani da ita, ka dube shi da hasken rana.