Kuɗin Bincike kan Illolin Halattacciyar Cacar Wasanni

Kuɗin bincike kan cacar wasanni su ne abin da gwamnatoci, jami'o'i ko kamfanonin caca da kansu ke warewa don a gano abin da halatta caca a kan sakamakon wasa ke jawo wa lafiyar mutane, aljihunsu da zaman iyalinsu. Maganar ta fi zafi a Amurka tun daga 2018, sai kuma Birtaniya. Jigon gardamar shi ne wa zai biya, domin mai biya kan yi tasiri a kan irin tambayar da za a yi.

Asali a Amurka

A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtukan da take ganewa, a 2013 kuma ta mayar da ita rukuni ɗaya da jarabar giya da miyagun ƙwayoyi. Sai dai kuɗi bai bi wannan matsayi ba. Gwamnatin tarayya tana da cibiyar bincike ta musamman kan shan giya, tana da wata kan ƙwayoyi, amma caca ba ta da tata.

A 1996 Majalisar Dokoki ta kafa kwamitin ƙasa don nazarin tasirin caca, wanda ya miƙa rahotonsa a 1999 tare da kiran a ƙara bincike. A lokacin babu wayar da ake caca da ita daga kan gado, kuma dokar PASPA ta 1992 ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni. Nevada ce kaɗai ke yin ta sosai. Tun daga nan Majalisar ba ta sake kafa kwamiti irin wannan ba.

Giɓin da gwamnati ta bari, masu gidajen caca ne suka cike shi. A 1996 ɗin aka kafa NCRG, cibiyar ba da tallafin bincike kan caca, da kuɗin kamfanonin caca, wadda daga baya ta koma ICRG. Ta ɗauki nauyin ayyuka da dama, ciki har da na masana masu alaƙa da Jami'ar Harvard, kuma shekaru masu yawa tana cikin manyan masu ba da tallafi a wannan fanni. Masu suka na cewa tallafin ya karkata ga ƙwaƙwalwa da halayyar ɗan caca, ya bar yadda ake tsara cacar da tallata ta. Cibiyar na cewa kwamitin masana mai zaman kansa ne ke zaɓar ayyukan.

Bayan hukuncin 2018

Ranar 14 ga Mayu, 2018, Kotun Ƙoli ta soke dokar PASPA a ƙarar da jihar New Jersey ta ɗaukaka. Cikin watan Yuni Delaware da New Jersey suka fara karɓar caca, zuwa 2024 kuma jihohi 38 da birnin Washington sun halatta ta. A 2024 ɗin kuɗin da aka zuba a halattacciyar cacar wasanni ya kusa dala biliyan 150, mafi yawansa ta manhajar waya.

Gwamnatin tarayya na da rabonta. Tun 1951 akwai haraji a kan kuɗin da aka zuba. Ya fara da kashi 10 cikin 100, aka yi ta rage shi har ya tsaya a kashi 0.25 wajen farkon shekarun 1980. Wato wanda ya sa dala 100 a kan wasan ƙwallon kwando, senti 25 na tafiya baitulmali, inda suke cakuɗewa da sauran kuɗin shiga ba tare da an ware ko sisi don bincike ko magani ba. A Janairun 2024 Sanata Richard Blumenthal da 'yar majalisar wakilai Andrea Salinas suka gabatar da ƙudirin GRIT, wanda ke neman a ware rabin wannan haraji: kashi 75 na rabin ga jihohi don rigakafi da magani, kashi 25 ga cibiyar bincike kan ƙwayoyi ta ƙasa. Ƙudirin bai zama doka a wancan zama ba, an sake gabatar da shi a 2025.

Misalin Massachusetts

Jihar Massachusetts ta yi abin da ya kamata kowace ta yi. Dokarta ta 2011 da ta halatta gidajen caca ta wajabta bincike duk shekara, da kuɗin da ke fitowa daga harkar cacar amma a ƙarƙashin hukumar jiha. Tawagar Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, ƙarƙashin Rachel Volberg, ta tambayi manya kusan 10,000 a 2013 da 2014, kafin a buɗe gidan caca na farko a 2015, ta samu kimanin kashi 2 cikin 100 na fama da matsalar caca. Amfanin wannan ƙidaya ta farko shi ne an sami ma'auni: da aka fara cacar wasanni a jihar a 2023, akwai abin da za a kwatanta da shi. Jihohi da yawa sun buɗe kasuwa ba su auna komai ba tukuna, kuma abin da ba a auna a lokacinsa ba ya wuce ke nan.

Birtaniya da New Zealand

Shekaru da dama Birtaniya ta dogara da gudummawar ganin-dama, inda ake roƙon kamfanoni su ba da kashi 0.1 cikin 100 na ribar caca, galibi ga GambleAware, ƙungiyar agaji mai raba kuɗin don magani da bincike kan illar caca. A 2022 hukumar lafiya ta NHS a Ingila ta daina karɓar waɗannan kuɗi. Daga Afrilun 2025 aka koma harajin dole, daga kashi 0.1 zuwa 1.1 gwargwadon irin cacar, ana sa ran kusan fam miliyan 100 a shekara: rabi ga magani, kashi 30 ga rigakafi, kashi 20 ga bincike ta hannun UKRI, hukumar tallafa wa bincike ta ƙasar. New Zealand na da irin wannan haraji tun dokarta ta 2003.

Matsalar bayanai

Kuɗi kaɗai ba ya wadatarwa. Kamfani ya san ƙarfe nawa mutum ya buɗe manhaja, nawa ya sa, ko ya sake loda kuɗi da tsakar dare bayan an cinye shi, amma mai bincike ba ya ganin wannan sai da izinin kamfanin ko tilascin doka. Shi ya sa masana tattalin arziki a Amurka suka bi ta bayan gida, suka duba bayanan banki da na bashi. Nazarce-nazarcen da suka fito a 2024 sun nuna raguwar ajiya, ƙaruwar bashi da karyewar arziki a jihohin da suka halatta caca ta intanet, musamman a gidajen da dama suke cikin matsi. Ƙungiyar kamfanonin caca ta Amurka ta musanta cewa caca ce sanadi.