Aikin da ke cin rai: me dokar ƙwadago ta Kamaru ta tanada?

Idan inji ya datse wa ma'aikaci yatsa a wata masana'anta a Garwa, kowa ya san abin yi: asibiti, takardar likita, sannan CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa. To, yarinyar da ke zaune a shagon tura kuɗi fa? Ta buɗe bakwai na safe, ta rufe tara na dare, cikin zafin Afrilu. Ƙarfe sha ɗaya kuma maigida ya turo saƙon murya ta WhatsApp, yana zagin ta kan jaka biyu da lissafi bai cika ba. Barci ya ƙaurace mata, gabanta na faɗuwa duk lokacin da waya ta yi ƙara. Ba jini a ƙasa, amma aiki ne ke cin ta.

Irin wannan ne masana ke kira haɗarin aiki ga hankali da zuciya: aikin da ya fi ƙarfin mutum, tsawa da wulaƙanci, albashin da ba a san ranar fitarsa ba, barazanar kora kullum. Mu kan ce a yi haƙuri, neman halal ne. Haƙuri na da kyau, sai dai jiki ba ya jin wannan nasiha. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya nuna mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako.

Dokar ƙwadagonmu ta 14 ga Agusta 1992 ba ta ambaci wannan haɗari da sunansa ba. Hankalinta, da na ƙa'idar tsafta da tsaron wurin aiki ta 1984, ya fi karkata ga abin da ido ke gani: inji, ƙura, wuta, guba. Duk da haka akwai igiyoyin kamawa. Sashe na 80 ya ce awa 40 ne a mako a aikin da ba na gona ba (wasu sana'o'i, irin gadi, da nasu lissafin). Hutun mako dole ne, awa 24 a jere. Hutun shekara kuwa kwana ɗaya da rabi ne kan kowane watan aiki, da albashi. Wurin da ke da ma'aikata 20 sai an zaɓi wakilansu, mai 50 kuma sai ya kafa kwamitin tsafta da tsaro.

Wannan kwamiti ne ya kamata ya yi awon haɗarin, kuma a nan ake yawan kuskure. Ba ma'aikaci ake aunawa ba, a ce wane rago ne ko wance ta cika kuka. Aikin ake aunawa. Awa nawa ake yi da gaske, ba wanda ke takarda ba? Mutum nawa suka ajiye aiki a sashe ɗaya bana? Idan mutum biyar suka gudu daga ƙarƙashin shugaba guda, ai ba sai an kira boka ba. A Faransa, tun 2001 wajibi ne mai kamfani ya rubuta haɗuran wurin aikinsa a kundi guda, kuma a 2019 kotun Faris ta hukunta tsoffin shugabannin kamfanin sadarwa na France Télécom kan gallaza wa ma'aikata.

Abu ɗaya da dokarmu ta kira da sunansa shi ne matsa wa mutum don neman lalata. Sashe na 302-1 na dokar hukunta laifuka ta 2016 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 1, da tarar sefa 100,000 zuwa miliyan 1, ga wanda ya yi amfani da muƙaminsa ya yi hakan.

Gaskiya mai ɗaci: yawancin 'yan'uwanmu a kasuwannin Marwa da Kusiri aikin baki da baki suke yi, ba kwantiragi a rubuce, ba rajistar CNPS. Wannan bai hana su kai ƙara ba, hujja ce kawai ke wuya. Saboda haka yarinyar can ta sayi ƙaramin littafi, ta riƙa rubuta lokacin buɗewa da na rufewa, kada ta goge saƙonnin nan, ta adana takardun asibiti. Da su za ta je ofishin sufeton ƙwadago, wanda zai kira maigidan a nemi sulhu. In sulhu ya ƙi, sufeto ya rubuta takardar rashin daidaitawa, da ita ake shiga kotu.