Lasisin ritaya na masu safiyo a Amurka: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Mene ne lasisin ritayar ma?

Takarda ce da hukumar jiha ke ba mai safiyon da ya ajiye aiki, ya riƙe sunan sana'arsa amma ba zai ƙara yin aikin ba. Shi ke nan.

Dokar ɗaya ce a duk Amurka?

A'a. Kowace jiha da hukumarta da dokarta, ni ta Kalifoniya nake kawo muku.

Zan iya buga hatimina a taswira?

Ba za ka iya ba, kuma don Allah a daina tambayata wannan. Ranar da ka karɓi takardar nan hatimin ya koma durowa.

To idan maƙwabcina ya ce in nuna masa iyakar filinsa, kyauta?

Nan ne ake rufta da dattawa. Ya danganta da abin da ka yi. In kun zauna a falo ka karanta masa tsohuwar taswirarsa, ka ce wannan layin ga ma'anarsa, ka ba shi shawara ya nemi mai lasisi, galibi wannan hira ce. Amma da zarar ka ɗauki na'ura ka fita, ka tono tsohon ƙarfen da aka kafa a kusurwa, ka ce masa nan iyakarka ta tsaya, shi kuma ya je ya kafa shinge a kan maganarka, to ka shiga aikin da sai wanda lasisinsa ke da rai, wato yana aiki, rashin karɓar kuɗi kuwa ba lalle ya wanke ka ba, domin ranar da wanda suka haɗa iyaka da shi ya kai ƙara sunanka za a fara kira. Taya wani mai lasisi aiki a ƙarƙashin kulawarsa, shi ya sa hannu shi ya ɗauki alhaki, wannan da sauƙi, duk da haka ka rubuta wa hukumar jiharka ka samu amsa a rubuce kafin ka taɓa komai. Na san da ciwo mutum ya shekara 30 yana awo a ce masa kada ya nuna kusurwa.

Wa ya cancanta?

A Kalifoniya, wanda ya yi aƙalla shekara 5 da lasisin jihar, da shekara 20 da lasisi a cikin Amurka, kuma babu hukuncin ladabtarwa a kan lasisinsa ko wanda ake jira.

Sai na dinga sabuntawa?

Kwantar da hankalinka. Lasisi mai rai ne ake sabuntawa duk shekara 2, na ritaya ba a sabunta shi.

Ya shafi Najeriya?

Bai shafa ba, can SURCON, wato hukumar masu safiyo ta Najeriya, ce ke rajistar masu safiyo.

In na karɓi na ritaya, daga baya na canja shawara ina so in koma aiki fa?

Sai ka sake zama jarrabawa irin ta masu neman lasisi karon farko, da furfurarka. Shi ya sa nake faɗa da masu gaggawar cike fom don kawai su huta da kuɗin sabuntawa. In har kana jin ko aiki ɗaya zai iya sake fito maka, bar lasisinka da rai tukuna.